Kaset ɗin Inna Ba Zai Zo Ba

Unguwar Yelwa, Garwa.

Zuwa ga Yaya Muntaka, a Jidda.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka, ya ƙara buɗi a ɗinkinka. Mu nan jiki lafiya. Yara sun warke daga tarin da ya zaga unguwa, an kuma yi sadakar arba'in ɗin Inna, mutane sun zo har daga Mindif. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta. Jiki na ce, Yaya, ban ce zuciya ba. Da hannuna na rubuta wannan, ban kai wa mai rubutu na bakin kasuwa ba, kuma Hajiya Kaltuma maƙwabciyarmu na ba wa ta kawo maka, tunda za ta koma aikin hajji. Ban yarda da gidan waya ba.

Maganar kaset ce, wanda ka aiko kana tambaya. Ka san Inna ba ta yarda a rubuta mata takarda, takan ce takarda ba ta da murya. To, da ciwo ya tsananta, ta sa na ajiye rikoda kusa da matashinta, na danna, na fita na ba ta wuri ta yi maka sallama. Ashe a daidai lokacin maigidana, Baban Hassana, yana zaune bayan taga a gindin darbejiya da abokan sana'arsa mahauta, suna hira kan shanun da ake karɓe musu da sunan kyauta duk ranar da manya za su zo gari. Ransa ya ɓaci, ya faɗi abin da ba a faɗa, ya kama sunan da ba a kamawa. Ba zan maimaita ba, ko a takarda. Kai ma ka san muryarsa, mutumin da in ya yi raɗa sai an ji a Lagdo.

Ban sani ba sai bayan rasuwa, ranar da na kunna don in ji kafin in aiko maka. Inna tana magana a hankali, shi kuma yana bayanta tiryan-tiryan, kalma ba ta ɓace ba. Na ɓoye shi a tukunyar gero ina ta jan ƙafa, don hannuna ya kasa taɓa muryar Inna. Ana haka jandarma suka zo mahauta da rana tsaka suka tafi da Abakar, ɗaya daga cikin waɗanda suka zauna a wannan hira. Matarsa ta je tambaya, aka ce ba a san mai wannan suna ba. Sun birkice gidansa, sun kwashe rikoda da kaset duka, har na waƙar biki. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ai ka san abin yi.

Sai Baban Hassana ya kawo dabara. Ya ce a ɗora karatun Yasin a kai, maganar ta goge, ladan kuma ya je wa Inna. Na yarda, ina kuka. Ya yi alwala ya karanta da kansa tun daga farko har ƙarshe, muka ce alhamdu lillahi, an rabu. Amma zuciyata ba ta kwanta ba, sai na kai wa André, mai gyaran rediyo na bakin layinmu, Kiristan nan ɗan ƙauyukan kan dutse da Inna take aika wa tuwon salla. Ya rufe shago, ya kunna, ya ƙure muryar rikodar. Yaya, duk inda aka tsaya shan numfashi tsakanin aya da aya, sai ka ji Baban Hassana can ƙasa-ƙasa, kamar mai magana a bayan katanga. André ya ce batir ɗinmu ya yi sanyi, rikodar ba ta goge da kyau ba, siririyar murya kawai ta iya cinyewa. Ta Inna ta tafi ƙaf, tasa ta ƙi tafiya. Ya ce in kunnensa ya ji, na waɗancan mutane ya fi nasa, kuma ba magani sai wuta. Ya miƙo mini, ya roƙe ni kada in ce ya taɓa gani.

To ga sabon tashin hankali. Da hannunmu mun ɗora Alƙur'ani a kai, wa zai jefa Yasin a murhu? Baban Hassana ya ce shi dai a kama shi, ba zai yi ba. Na ce masa ai ba kansa kaɗai za a yanka ba, baki shi ke yanka wuya, ya riga ya yi nasa, ya bar ni in yi nawa. Kullum mota ta tsaya a ƙofar gida sai in ce su ne suka zo. Daga ƙarshe na je wurin limamin unguwa na tambaye shi yadda ake yi da tsohon Alƙur'ani da ya yage, ban faɗa masa dalili ba. Ya ce a ƙona a wuri mai tsarki, a zuba tokar a ruwa mai gudu. Na sayi sabon kasko, na yi alwala, na zare zaren kaset ɗin kaf na ƙona, na farfasa kwanson a turmi. Na sa a ƙarƙashin kayan wanki na gangara Binuwai na zubar.

Ka yafe mini, Yaya. Sau ɗaya na saurare shi, kuma tsoro ya sa kunnena yana kan muryar maigida, ba kan ta Inna ba. Na yi ta laluben abin da ta ce maka, abin da na tsinta kawai shi ne ta yafe maka duniya da lahira, kuma wai ka daina fita aiki ba ka karya ba.

Jiya aka kawo wa Baban Hassana takardar kira daga jandarma, ranar Litinin ake nemansa. Kaset dai babu shi, amma ban san abin da Abakar ya faɗa musu ba, ban kuma ga laifinsa in ya faɗa. Tun jiya maigida ke zaga dangi yana neman gafara, ya ba ƙaninsa wuƙaƙensa. Ka yi masa addu'a a gaban Ka'aba, ka kama sunansa. In Hajiya Kaltuma za ta dawo ka ba ta saƙo da baki, ka faɗa mini ko za ka iya riƙe Hassana da ƙannenta.

Ka gaishe da Yaya Rakiya da su Bappa da Ummi ƙarama. Kawu Sale da Gwaggo Dije suna gaishe ka, ba su san komai ba.

Ni ce ƙanwarka,
Saudatu.