Abin Da Aka Tambayi 'Yata A Tagar Karɓar Kati

Zuwa ga Shugaban Asibitin Ɗalibai na jami'ar da 'yata take karatu.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka.

Sunana Hajara, ni nake riƙe da rajistar yara a wata firamare a nan Nassarawa GRA. Karatuna bai wuce sakandare ba, in na yi kuskure a maganar likitanci a gyara mini. Amma na saba rubuta abin da ya same ni kowace rana a littafi, daga can na ciro wannan magana. Sau uku ina fara wasiƙar ina yagewa.

Na ɗaya. Yayata Binta sankarar bakin mahaifa ce ajalinta. Ni na yi jinyarta, ni nake wanke mata zannuwa, na ga abin da ciwon nan yake yi wa mace. Da masu allurar rigakafinsa suka zo makarantarmu, na tsare malamar asibitin da tambaya. Ta ce ta kyauta ta 'yan shekara tara zuwa sha huɗu ce, wadda ta wuce haka ta je asibiti a ba ta shawara, kuma allurar ta fi amfani kafin mace ta yi aure. 'Yata Rukayya shekararta ashirin, tana aji biyu a wurinku, an sa bikinta bayan Babbar Sallah. Ni na tura ta asibitinku.

Na biyu. Ta je ranar Talata da hantsi. A tagar karɓar kati, inda layin maza yake dab da na mata, ma'aikacin ya tambayi abin da ya kawo ta. Ta faɗa a hankali. Ya ɗaga murya, wai tana da aure ne? Ta ce a'a. Ya ce to me budurwa za ta yi da allurar cutar da ake ɗauka a shimfiɗa? Samari suka kwashe da dariya, wani har da cewa, "Hajiya, a dai riƙa yi a hankali." Ta bar katin a nan ta fito, ta rantse ba za ta ƙara taka wurin ba. Ƙawayenta biyu da suka ce za su je bayanta, da suka ji labari suka fasa.

Na uku. Na yi ta tuhumar kaina. Ko ganganci na yi da na tura ta ita kaɗai? Ko in bari a ɗaura auren tukuna a huta da surutu, kamar yadda babanta ya ce? Na auna, na sake aunawa. In na jira, lokacin da allurar ta fi amfani ya wuce ta ke nan. Ma'aikacinka ya ɗauka ta matan aure ce, alhali budurwar da ya kunyata ita ce ta zo a kan kari. Ban ce mugu ba ne, ina jin shi ma ba a taɓa yi masa bayani ba. Amma a garin da muke alfahari da Shari'a, jefa zargi kan 'yar mutane a bainar jama'a ba wasa ba ne. Gidan su angon a Hotoro yake, magana ba ta wuyar isa can.

Ba na neman a kori kowa. Roƙona a daina tambayar ɗaliba abin da ya kawo ta a taga, a sa mace a ɗaki ta saurare ta. A fara wayar da kan ma'aikatan, sannan a tara ɗalibai, har da mazan da suka yi dariya, don su ne mazajen gobe. In ba ku da allurar, a faɗa wa yara inda za su same ta.

Rukayya ta amince za ta yi kaffarar rantsuwarta, in dai ni zan shiga gaba. Na nemi izini a wurin aiki. Ranar Litinin za mu zo, ni zan tsaya a tagar in faɗi abin da ya kawo mu, ba kuma a hankali ba.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya ba ka ikon riƙe amanar 'ya'yanmu, ya raba naka da ciwon da ya ɗauke Binta.

Wassalam.

Hajara, mahaifiyar Rukayya
Nassarawa GRA, Kano