Gwiwar Baba da Motar Kano

Talata da dare, Malumfashi

Yau ma a kan kujera Baba ya yi sallar isha'i. Tun da ya faɗi a gonar auduga gwiwarsa ta dama ta ƙi lanƙwasuwa. Likitan da muka gani a Funtuwa ya ce hoton ƙashi bai nuna komai ba, sai an yi na MRI, mai nuna jijiya da guringuntsi.

Wuni na yi ina buga waya. Wani wuri a Abuja suka faɗi kuɗin da ya kusa ninka na Kano. Na tambayi matar da ta ɗauka dalili, ta ce injin ba a kashe shi dare da rana, ga dizal, ga tsadar haya, kuma nasu sabo ne.

Da na gaya wa Baba sai ya yi dariya. "Gwiwar dai guda ce, Hauwa. Ko in ta je Abuja ta zama ta minista?" Sannan ya ce a bar maganar, ba za a sayar da masarar gida saboda tsoho ba.

Ban yi masa musu ba. Na ɗumama man kaɗanya ina shafa masa. Ƙafar ta rame sosai. Ita ce fa ta yi shekara shida tana taka keke tana kai ni firamare. Hawaye suka zo, na sunkuyar da kai, amma ya gani.

Can sai ya ce a hankali, "Motar Kano ƙarfe nawa take tashi?"

Na ce bayan asuba.

"To, ce wa uwarki ta goge mini farar rigata."