Wutar da ta tsaya a bakin huɗata

Kansas, Oktoba 1981

Mama,

Ina gaishe ki da kyau. Yaya ƙafar Baba? An fara haƙar doya a Garatu?

Ni lafiya ƙalau. Kakar nan ta zo mana da zafi da iska, ciyawa ta bushe ƙamas. Ranar Asabar wuta ta tashi, ta nufo gonar da nake koyon aiki, ga shanu a garke. Na hau tarakta na yi ta huɗa a gabanta. Hayaƙi ya rufe ni, amma ban sauka ba. Mama, wutar nan ta zo bakin huɗata ta tsaya! Ko maraƙi ba mu rasa ba.

Ki gaya wa Baba, taraktar da yake kira wasan yara ce ta yi wannan. A share gefen rumbunmu kafin masu farautar gafiya su sa wa daji wuta.

Hoton da kika ce in aiko kuwa, ki ɗan jira. Ba wani abu ba ne, gashin girata ne bai gama fitowa ba.

Allah ya haɗa fuskokinmu.

Ɗanki,
Yona