Shafin da Na Ƙunshe Irin Albasa

Assalamu alaikum Sule, abokina,

Na san takardar nan ba za ta same ka ba. Zan rubuta dai, don babu wanda ya rage a Kura da zan yi wa wannan magana bai ce tsufa ya taɓa ni ba.

An saki ruwa a kanal ɗin noman rani. Hajara matarka tana lafiya. Tumatir ya sake ruɓewa a bakin titi, kamar kullum. Ni kuma tarin nan ya ƙi tafiya. Wata biyu ke nan da likita ya ce a ɗauki hoton ƙirjina, na ƙi zuwa. In an gani, sai me?

Ga abin da na ɓoye. Littattafan kimiyya da ka bar mini, ban karanta ko ɗaya ba. Yayyage su na yi ina ƙunshe irin albasa. Karatun da ya mayar da ni ga fartanya bayan duk jarrabawar da muka ci, me zan yi da shi?

Shekaranjiya a gona na kwance wani ƙunshi, idona ya faɗa kan rubutun. Wai taurari ma haihuwarsu ake yi, a cunkushe cikin gajimaren ƙura, kamar shinkafa a gadon reno kafin dashe. Wai jaririn tauraro yakan yi wani irin tartsatsi da ya ninka na ranarmu sau ɗaruruwa, yana watsa irin hasken da ake ɗaukar hoton ƙirji da shi. Hasken yana ratsa ƙurar, ta haka ake gano jariran. Har ranarmu ta yi haka tana ƙarama!

Daidai inda za a faɗi dalili, shafin ya ƙare. A gefe ga rubutun hannunka: a tambayi Garba.

Me ya sa ba ka tambaye ni ba? Ko fuskata ce ta hana? Me ke fusata jariri haka, Sule? Yaushe yake hucewa?

Na bi manoma huɗu da na taɓa ba iri, ina neman shafin da ke biye. Duk sun hura wuta da takardun.

An ce matar da ke ɗaukar hoton ta karanci wannan haske sosai. Gobe zan hau adaidaita in je. Ta leƙa ƙirjina, ni kuma in yi mata tambayarka.

Allah Ya haskaka kabarinka.

Naka,
Garba, wanda bai amsa ba tukuna