Ni Na Ruɓar da Bayan Jirgin Ɗana

Malama Ummul Kulsum,

Don Allah ki taimake ni, saura kwana huɗu ranar kasuwa. Ni uwa ce da ba a sani da sassauci ba. Na yi koleji, na raini ƴaƴa biyar, babu wanda ya taɓa yi mini ƙarya ya sha da daɗi. Yau ga ni ina ɓoye magana.

Babban ɗana Manzo ya gaji tsohon jirgin ruwa na fiba, irin mai kama da roba mai tauri, daga mahaifinsa. Idan damina ta cika kwarinmu, shi ke ƙetarar da mata masu lambu da kayansu zuwa bakin hanyar Gure. Da rani ya cire moter, wato injin jirgin, ya kifa jirgin a bayan gida, ya tafi Damagaram aiki. Kwamin da nake shayar da tumakina ya fashe, sai na sa aka birkito jirgin, na yi wata biyar ina cika shi da ruwan kanwa. A ganina abin da aka ƙera don ruwa, ruwa ba zai cuce shi ba. Ashe akwai katako a cikin allon baya, inda ake ɗaura moter, ga ramukan ƙusoshi a buɗe. Kafin ya dawo na wanke shi, na kifa yadda ya bari.

Shekaranjiya ya ɗaura moter, allon ya tsage, wani baƙin ruwa mai wari ya tsiyayo. Ya ɗauka tsagar sama ce, ya liƙe da gam, ya shafa fenti. Da ya fita na soka tsinin wuƙa, ta shige kamar cikin dafaffiyar kabewa. Mata goma sha biyu ke jiransa, har da maƙwabciyata Hajja mai goyo. In na faɗa masa, da wane baki zan ƙara yi masa faɗa? In na yi shiru, ban ma iya ƙarasa tunanin.

Uwa mai nauyin baki, daga wajen Gure

Baiwar Allah,

Shayar da tumaki a jirgi rashin sani ne, kuma kowa na yinsa. Kifa jirgin da kika yi kika yi shiru, wannan da saninki ne. Na fahimci kunyarki, ni ma uwa ce. Amma girmanki ba zai fitar da Hajja da jaririnta daga ruwa ba.

Ki kira Manzo yau, ku biyu kaɗai, ki faɗa masa wata biyar ɗin ba ragi. Shi ma yana da nasa laifin: mai ɗaukar rayuka ba ya ganin baƙin ruwa ya rufe da fenti. Sai dai ki ajiye wa'azin, ki fara da naki.

Ki miƙa masa guduma ya ƙwanƙwasa allon, zai ji inda ya ruɓe. Allon nan shi ke ɗauke da nauyin moter da turinsa, in ya ɓalle a tsakiyar kwari ruwa ta baya zai shigo. Gyaran gaskiya shi ne a yanke fatar fiba ta ciki, a kankare ruɓaɓɓen katakon kaf, a bar wurin ya bushe sarai, a sa sabo, a rufe da ƙyallen fiba da gam ɗinsa, a toshe kowane rami. Ku nemo wanda ya iya, ko daga Damagaram ne. Wannan ba aikin kwana huɗu ba ne da damina, don haka wannan kasuwar matan su zagaya da amalanke. A gaya musu tun gobe.

In ya ƙi, ki je wurin matan da ƙafarki.

Shekara da shekaru kina koya masa faɗin gaskiya, bai taɓa ganin yadda ake faɗinta a kan kai ba. Ki nuna masa yau. Allah ya ba ki ƙarfin zuciya, ya tsare duk mai shiga jirgin nan.

Ummul Kulsum