Na Rufe Funfuna da Fenti, Na Ce Mahaifina Ya Ruɗe

Assalamu alaikum mai kula da wannan shafi, da ku masu karatu. Don Allah a ɓoye sunana. Masu zagi kuma ku ɗan dakata ku kai ƙarshe, duk abin da za ku faɗa na riga na faɗa wa kaina, har na ƙara da wanda ba ku sani ba.

Ni ma'aikaci ne a Madawa, amma asalinmu wani ƙauye ne kusa da Karofane. Mahaifina manomi ne, kuma Allah ya ba shi hanci. Tun ina yaro, in mutum yana shakkar rumbunsa sai ya aiko a kira Baba. Zai tura hannu cikin damman hatsi, ya shinshina, ya ce wannan zai kai baɗi, wancan a fitar a shanya kafin Juma'a. Ba shi da sarauta, ba shi da dukiya, wannan ne girmansa a gari.

Da na gina gidana na yi ɗaki ɗaya mai dush, wato wurin wanka, a ciki, na sa farin karo, wato tayil, a bango. Magini ya ce a bar taga a dush ɗin, na ce ba na so, ƙura da sauro za su ɓata mini kwalliya. Ni ne mai ilimi ai, shi me ya sani? Damina ɗaya aka yi, baƙar funfuna ta fito a rufin dush ɗin, ta bi kusurwa, ta ɓullo ta bangon ɗakin kwana. A lokacin ne na matsa sai an kawo Baba wurina, don Inna ta rasu, gwiwoyinsa kuma ba sa barinsa tsuguno. Ina son in kula da shi, wannan gaskiya ne. Amma ina kuma son a ce autansa ya sa shi a ɗaki mai dush, wannan ma gaskiya ne. Saura kwana uku ya zo matata ta ce mini, "A kankare abin ga tukuna, a wanke da jabel, ruwan nan mai kashe ƙwayoyin cuta, a bari shi bushe, ka kira mai gyaran famfo shi duba inda ruwa ka hitowa." Na ce babu lokaci. Na sayo fenti na shafe wurin fes, na tura armuwar, wato kabad ɗin kaya, na rufe bangon ɗakin, na tsaya ina yaba wa kaina wayo.

Ranar da Baba ya iso, ko zama bai yi ba. Ya tsaya a bakin ƙofa ya ja numfashi ya ce, "Auta, ɗakin ga na warin rumbun da ruwa yas shiga." Na yi dariya na ce warin sabon fenti ne. Bai musa ba, amma kullum sai ya maimaita. Ya daina wanka a dush ɗin, sai ya ɗauki bokiti ya lallaɓa bayan gida da gwiwoyin nan nasa. Maƙwabta suna gani, ni kuma kunya tana cin raina. Wai ni da na kashe kaina na yi masa wurin wanka na zamani, a ga tsohona da bokiti a lungu? Wata rana yayana, wanda ke riƙe da gona a ƙauye, ya kira ni ya ce, "Auta, mi ka hwaruwa? Baba ya ce mini hatsi na ruɓewa cikin bangon gidanka." Da a nan na ce, Yaya, funfuna ce na rufe, da magana ta ƙare. Me zai yi mini? Iyaka ya yi mini faɗa. Amma abin da ya fito daga bakina shi ne, "Yaya, wane hatsi cikin gidan siminti? Baba ya hwara ruɗewa, sai haƙuri." Sai na ji yayana yana salati a hankali.

Ba a yi wata biyu ba tari ya kama Baba, numfashinsa ya koma fita da ƙara. Na kai shi asibiti. Likita ya saurari ƙirjinsa ya tambaya ko akwai laima ko funfuna a inda yake kwana, don irin wannan yana tayar da fuka. Baba ya ce, "Akwai, likita." Ni ina tsaye a bayansa, na ɗaga yatsa na taɓa gefen kaina, alamar Baba ya ruɗe, na girgiza wa likitan kai. Wallahi haka na yi. Wane irin ɗa ne zai ji uban da ya haife shi yana kokawa da numfashi, ya zaɓi ya kare bango? Likita ya rubuta magani muka fito. A hanya Baba bai ce mini komai ba sai, "Ka maishe ni gida." Na mayar da shi.

Bayan tafiyarsa na janye armuwar. Bangon ya yi baƙi ƙirin, fentin ya kumbura yana ɓarewa, babbar rigar Baba ta Sallah da ya manta a ciki duk ta yi tabo. Kallon da matata ta yi mini ya isa. Mai gyaran famfo ya fasa karo biyu ya tarar da bututu yana yoyo a cikin bango tun ranar da aka gina. Ya gyara. Na fasa bango na yi tagar da na hana a yi, na ɗaure hanci da ƙyalle na kankare wurin, na wanke da jabel, na bar ƙofa a buɗe iska da rana suka yi sauran. Yanzu duk wanda ya yi wanka sai ya share ruwan ya bar taga a buɗe, ko ɗigon baƙi bai dawo ba. Aikin mako ɗaya ne, jama'a. Mako ɗaya nake ta gudu.

Tarin Baba ya yi sauƙi a ƙauye, amma maganata ta riga shi isa. Daga bakin yayana ta je wurin ƙannen Baba, daga nan ta shiga gari. Ba mugunta suke yi ba, tausayi ne, kuma shi ya fi ciwo. Kaka ta zo ta wuce babu wanda ya aiko a kira shi duban rumbu. In ya yi magana a majalisa sai a ce "haka ne, Baba" kamar ana lallashin yaro, a ci gaba da hira. Yayana ya karɓi zaɓen iri daga hannunsa don kada ya wahala. Mutumin da gari ke jiran ya buɗe baki, yanzu yini yake a kan tabarma yana jan carbi.

Juma'ar da ta wuce na je gaishe shi. Na tafi da niyyar in faɗi gaskiya, har na tsara maganar a mota. Da muka keɓe, kafin in fara sai ya kama hannuna ya ce, "Auta, ka yahe mini. Ka yi mini ɗaki mai kyau, ni kau nib bi ka da maganar banza gaban iyalinka. Tunda duk kun ce babu wari, to babu. Kaina ne." Na kasa ɗaga ido. Sai ya jawo wata ƙwarya daga ƙarƙashin gado, zangarniyar gero ce 'yan kaɗan da ya ɓoye don iri, ya miƙo mini ya ce, "Shinshina mini wanga, ka gaya mini in da lahiya. Ni yanzu ban yarda da hancina ba." Na kai hanci, ban ji komai ba, ban ma san abin da ake ji ba. Na ce lafiya lau ne, Baba. Ya ce, "To, madalla," ya mayar da ƙwaryar.

Tun ranar abinci ba ya shiga mini. In na tara dangi na faɗa, yayana ba zai sake kallona da mutunci ba, wannan na yarda na cancance shi. Abin da nake tsoro shi ne zuciyar Baba. Yanzu yana ganin tsufa ne ya ci shi, ya rungumi ƙaddara. In ya ji cewa autansa ne ya san gaskiya tun ranar farko, ya tsaya a bayansa yana nuna wa likita kai, anya zai ɗauka? In kuma na yi shiru, zai koma ga Allah yana zaton hankalinsa ya gushe, alhali ya fi mu duka lafiya. Ko na faɗa ma, wa zai bi gida gida ya kwashe maganar daga kunnen mutane?

Ku da kuke da tsofaffi a raye, da ku da kuka rasa naku, ku dube ni don Allah. Me zan yi?