Kuskure Ya Bi Ruwa

Gdynia, 9 ga Maris

Baba,

Gaisuwa mai yawa. Yaya gwiwarka? Yaya Mama da Kaka? Ni lafiya lau. Sanyi da igiyar filafilan jirgin ruwana ne suka tsattsage mini yatsu, amma kada ka gaya wa Mama.

Na ga bidiyon tseren jiragen ruwan da Tihana ta ci a garin Šibenik. Madalla, ƙanwata ta iya tuƙi. Sai dai sau goma sha ɗaya na kalli inda iska ta kusa kifar da ita. Ta tsoma hannu a teku, ta shafa a ƙeya, ta ci gaba abinta. Baba, ina 'yar shekara tara ka koya mini wannan. Ka ce, "Kuskure ya bi ruwa, Vedrana, ke duba gaba." Na ɗauka sirrinmu ne. Ashe duk wanda ka horar kana ba shi.

Nan ƙungiya ta ba mu masanin halayyar 'yan wasa, ba abin da ya sani sai ƙirga numfashi. Jiya na yi kuskure, na tsoma hannu na shafa. Tekun nan ko gishirin kirki babu. Kuskuren bai je ko'ina ba.

A aiko mini da man zaitun, nawa ya ƙare.

A Afrilu zan kara da Tihana, kuma mutum ɗaya ƙasarmu za ta ɗauka ya wakilce ta. Ban ce ka goya mini baya ba. Amma in na kife, zan ɗago in nemi kwalekwalen da kake bin 'yan tsere da shi. Allah ya sa in tarar ni kake kallo.

'Yarka ta fari,
Vedrana